Bencin Baya

A wata ikkilisiya da ke gindin dutse akwai benci guda kusa da ƙofar majami'a, kowa ya san na waɗanda ke cikin horo ne. Wata yarinya ta yi ciki ba aure, dattawa suka zauna suka sa ta a horo: ba ita ba ƙungiyar mawaƙa, ba ita ba Jibin Ubangiji. Ba ta yi gardama ba. Ta tsaya gaban jama'a ta furta laifinta tana kuka. Ta haihu, ta yi goyo, ta yaye, tana nan a bencin. Wanda ya yi mata cikin kuwa ɗan gidan da ya saya wa majami'ar kwanon rufi ne. Aka ce ya tafi birni karatu, magana ta mutu. Duk Kirsimeti yakan dawo ya zauna a sahun gaba.

Da aka kawo maganar cire ta daga horo, wani dattijo ya ce a dakata. Mutum ne mai kamun kai, bai taɓa kusantar burkutu ba, zakkarsa ba ta makara, kuma ni ban raina damuwarsa ba. Ya ce, "Fasto, in muka sassauta, 'yan matanmu za su ɗauka alheri izinin zunubi ne. Dokoki Goma ba mu muka rubuta su ba." Gaskiya ya faɗa. Manzo Bulus da kansa ya toshe wannan ƙofa a sura ta 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa.

A gefe akwai wani tsohon mai bishara, riƙe da Littafi Mai Tsarki fassarar 1932 da ya gada wurin mahaifinsa. Ya gyara murya ya ce, "'Ya'yana, ku ba ni dama in ba ku labari.

"A Antakiya, garin da aka fara kiran almajirai Kirista, masu bi Yahudawa da na al'ummai suna cin abinci wuri ɗaya. Bitrus ya zo baƙunci, ya sa hannu tare da su. Ba baƙon abu ba ne a wurinsa, don ya riga ya shiga gidan Karniliyus, jarumin sojan Roma, a Kaisariya. Ana nan sai ga waɗansu daga Urushalima, daga wurin Yakubu. Bitrus ya ji tsoron masu riƙo da kaciya, ya janye jikinsa. Har Barnaba, wanda ya tsaya wa Bulus lokacin da kowa ke gudunsa, ya bi shi. Ku lura, ba a kori kowa daga ikkilisiya ba, wurin zama kawai aka raba. Amma Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban kowa. Yana nan a Galatiyawa sura ta 2."

Ya numfasa. "Ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne wanda ya janye ɗin. Mutumin da ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, a gidan babban firist, har da rantsuwa. Shekara nawa aka ba shi a horo? Kafin Yesu ya hau sama ya ciyar da shi gurasa da kifi a bakin teku, ya damƙa masa kiwon tumakinsa. Ranar Fentikos shi ne ya miƙe ya yi wa'azi. Wanda aka yi wa wannan alheri shi ne ya ga abincin waɗansu bai cancanci hannunsa ba."

Dattijon bai yarda nan da nan ba, kuma ina ganin girmansa a kan haka. Ya ce, "Baba, kaciya daban, zina daban."

"Haka ne, ɗana. Zina zunubi ce, yarinyar ma da bakinta ta faɗa, kuma tun daga ranar ba wanda ya ji wani abu a kanta. Ban ce a goge doka ko ɗaya ba. Cewa nake a riƙe su duka. Yakubun nan da na ambata, ba wanda ya kai shi nacewa a kan aiki da biyayya. A sura ta 2 ta wasiƙarsa akwai maganar baƙi biyu da suka shigo taro, ɗaya da zoben zinariya, ɗaya da tsumma, da inda aka zaunar da kowannensu, da sunan da ya ba wannan hali. Idona ya yi rauni. Karanta mana."

Fasto ya miƙa wa dattijon Littafin. Ya fara da ƙarfi, kamar yadda ya saba karatu ranar Lahadi. Da ya kai aya ta 9 sai ya tsaya, ya sake karanta ta shi kaɗai, leɓunansa na motsi. Bai kalli kowa ba ya ce wa magatakarda, "Rubuta. Asabar mai zuwa a kira yaron nan da mahaifinsa. Ni zan kai saƙon da kaina. Maganar yarinyar kuma mu gama ta yau kafin mu tashi."