Kowa da Tasa Makarantar

Mu nan Moriki, in kana son ka ji majalisa ta ɗauki zafi ba tare da ran kowa ya ɓaci ba, ka bari sai hutun Babbar Sallah, lokacin da ɗalibai suka dawo gida. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mai shayi ya hura gawayi, kafin ka ankara an rabu kashi-kashi ba wanda ya raba. 'Yan Zariya na gefe guda, 'yan Sakkwato na fuskantarsu, 'yan Gusau sun raɓe a tsakiya. 'Yan Folin Ƙaura kuwa, su suka fi kowa yawa, su ne kuma suka fi kowa shiru.

Kusan kullum ɗan Zariya ke tono maganar. Shi dai ɗan Jami'ar Ahmadu Bello ko a tafiyarsa za ka gane shi. Zai gyara hula ya dubi ƙanensa ya ce, "Kai yaro, sa'ad da Sardauna ya buɗe tamu a 1962, ko harsashin taku ba a haƙa ba." Daga nan sai labarin Samaru da Kongo, da daren da ya kwana a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da sanyin hunturun Zariya da ke hana mutum wankan safe. In akwai ɗan Bayero a wurin, sai ya tuna masa cewa Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Zariya take kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977, don haka gaisuwa ce tsakaninsu irin ta ɗa da uba. Gaskiya kuma a ba shi abinsa: likitoci da lauyoyi da injiniyoyin farko na Arewa da yawansu ta nan suka biyo.

Ɗan Sakkwato ba ya ɗaga murya. Zai bari a gama tsaf, sannan ya ce, "Mu hwa sunan Shehu muka ɗauka, mi za ku hwaɗa muna?" An kafa jami'ar a 1975, aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, kuma har aka yanke Zamfara daga Sakkwato a 1996 ita ce jami'ar gida a wurinmu. Shi ya sa kawunnanmu da dama can suka yi. Suna bugun ƙirji da zaman lafiyar makarantarsu, amma abin da suka fi jin daɗin ba da labarinsa wahala ce: zafin watan Afrilu, layin mota a Dandima da sassafe, tsallaka gadar Kwalkwalawa kullum kafin a kai aji. Wanda ya sha wannan ya fito da digiri, ka ji shi yana magana kamar wanda ya dawo daga fagen fama, kuma ni ban ga laifinsa ba.

'Yan Jami'ar Tarayya ta Gusau su ake yi wa dariyar ƙuruciya, tunda sai 2013 aka kafa ta, ta jiha da ke Talata Mafara ma ta fi ta ƙuruciya. Amma tun daga watan Satumban 2023, da 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida suka kwashi ɗalibai, yawancinsu mata, tsokanar ta yi sauƙi. Yaran da suka ga wannan kuma suka koma aji, ba mai bakin ce musu ba su san makaranta ba. In ɗayansu ya ce yana alfahari da Gusau, majalisa takan yi tsit, sai ka ji wani dattijo ya ce, "Allah shi tsare ku, ɗiyana."

To, sai maganar Foli, kuma ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda tun 1983 take, ta girmi jihar Zamfara da shekara 13. Ga ta a bakin ƙofarmu: yaro ya shiga mota ranar Litinin, in hanya ta yi kyau Juma'a yana gida, inna ta ɗaure masa gari da ƙuli-ƙuli da yaji ya koma. Iyaye nawa ne a Moriki da Zurmi da Shinkafi da ba su da halin kai ɗa Zariya, amma suka iya biyan kuɗin Ƙaura? Ka shiga sakatariyar ƙaramar hukuma, ka tambayi akanta, ka tambayi mai kula da injin ruwa, ka tambayi mai zanen gini inda suka yi karatu. Za ka sha jin sunan Ƙaura. Kuma makarantar ta kawo mana duniya har gida. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929 garin ya saba da baƙi, Foli ta zo ta ƙara: Bayarabe da Inyamuri da Tibi a aji ɗaya da ɗan Moriki, a ci a kwano ɗaya, a koyi yaren juna. Akwai yaranmu da abokinsu na farko daga Kudu a nan suka same shi.

Duk da haka, in aka tambayi ɗan Foli inda yake karatu, sai ya sassauta murya ya ce, "Nan Ƙaura ne kawai." Wannan "kawai" ɗin ba daga shi ta fito ba. Mu muka koya masa, mu da tsarin aikin gwamnati da ya daɗe yana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen ɗauka da ƙarin girma, alhali kaki ɗaya suke sawa a bautar ƙasa. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin soke bambancin a 2021, ba a sa masa hannu ba. Wannan na Abuja ne. Namu shi ne mu daina yi wa uban da ɗansa ya samu Ƙaura barka da rabin baki. Sau ɗaya na ga 'yan Foli sun miƙe wuya sosai, a 2022, da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata 8. 'Yan Zariya da Sakkwato na gida suna noma da jiran shago, su kuwa mafi yawan lokacin suna aji. Sun rama tsokanar shekaru a wannan damina, kuma sun cancanta.

Mata ma da tasu majalisar, a tsakar gida ake yinta. Can za ka ji 'yar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, wadda ta mata ce zalla, suna musu da 'yar Kwalejin Ilimi ta Maru kan wa ya fi iya koyarwa, 'yar makarantar kiwon lafiya ta Tsafe na gefe tana cewa duk ranar haihuwa wurinta za su zo. Iyayensu sun fi su zaƙewa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta ce wa maƙwabciyarta, "Ɗiyata na Gusau, malama za ta zama," fuskarta cike da haske. In ka tuna a watan Mayun 2019 'yan bindiga sun afka wa makarantar sakandaren 'yan mata ta nan Moriki, za ka san nauyin wannan magana a bakin uwa.

Mu ba mu da al'adar cika filin wasa da riguna kala ɗaya don ƙungiyar makaranta, irin yadda ake gani a Amurka. Namu alfaharin a bango yake, hoton rigar yaye a ɗakin inna. Yana wurin walima, ranar da aka karɓo sakamako. Yana jikin kakin da mai bautar ƙasa zai saka ya bi dangi gida-gida yana gaisuwa, ana sa masa albarka. Yanzu an shigo da farar riga da abokai ke rubutu a kai ranar jarrabawar ƙarshe; dattawa ba sa so, musamman in maza na rubutu a jikin mata, kuma a nan ina bayan dattawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne duk wannan rabuwa a gida take. Ɗan Moriki ya sauka Zariya ko Sakkwato da akwatinsa, ba ya tambayar kowa sai ɗan gida. Ɗan Zurmi zai ba shi gefen katifa, ɗan Shinkafi ya raka shi rajista, ƙungiyar ɗaliban Zamfara ta rubuta sunansa. Wanda suka kwana suna musu a ƙofar gida shi zai fara bugo waya ya ji ko ya isa lafiya.

Sai dai musun majalisa ba ya kai ƙanenmu ko'ina. Tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921 ta fitar da su Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Umaru 'Yar'aduwa, ba da baki kaɗai suka riƙe sunan makarantarsu ba, ƙungiya suka kafa suna komawa suna dubawa. Mu kuwa tun 2015 da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, muna da yara masu ƙwaƙwalwa da ranar jarrabawa ce ranar da suka fara ɗora hannu a kanta. Ga masu kwamfuta a jaka suna dawowa hutu. Don haka ku 'yan Zariya, da ku 'yan Sakkwato da Gusau da Kano, da ku 'yan Ƙaura da kuka fi kowa kusa: wannan hutun ku nemi aji ɗaya a firamare, ku tara 'yan aji shida na sakandare maza da mata, ku koya musu lissafi da Turanci da danna kwamfuta. Waɗanda suka fara aiki kuma, kowa ya ɗauki nauyin fom ɗin yaro ɗaya a unguwarsu.