Ƙafar Hagu Ta Tona Mini Asiri

Duk wanda ya taɓa zama a majalisarmu ta wurin mai shayi a Sule Tankarkar ya san ba a ɗauko zancen mota in yi shiru. Ni ne mai cewa otomatik motar ragwaye ce, ta masu son a tauna a ba su a baki. Direban gaske, in ji ni, sai mai giyar hannu.

Kuma ba da ka nake magana ba, na sha karatun abin a waya har dare ya raba. Na san Pontiac GTO ta 1964, wadda ake cewa ita ta buɗe zamanin motocin Amurka masu ƙaton inji da gurnani kamar zaki. Na san giya huɗu ta Muncie, da a da ake ƙerawa a garin da ke da wannan suna a jihar Indiyana, iri uku ce: M20, M21 da M22. Ta ƙarshen nan haƙoranta ba su karkace sosai ba, shi ya sa take da ƙarfi, take kuma da kuka, har Amurkawa suka laƙaba mata "mai fasa dutse". In na zo nan a labari, kukan ma da baki nake kwaikwayonsa, mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu yana kallona. Daga Amurka sai in sauko Kaduna, in ɗauko Fijo 504 da masana'antar Kakuri da aka buɗe a 1975, in ƙara da cewa a shekarar ce 504 ta cinye tseren Safari a Kenya.

Abu ɗaya ne ban taɓa faɗa musu ba. Ban iya tuƙa mota mai kuloci ba. A Kano na koyi tuƙi, da otomatik, kuma tun ranar ƙafata ta hagu hutu take yi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, kawuna ya loda raguna a tsohuwar Fijonsa a-kori-kura, sai aka aiko direbansa na kwance da zazzaɓi. Kawu ko a jikinsa. "Ai ga ɗana nan," in ji shi, "shi da ya san giyar Amurka ma." A gaban 'yan majalisa ya miƙo mini makulli.

Na shiga, na gyara madubi, na yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji. Na murɗa makulli motar na cikin giya, ta yi tsallen akuya ta mutu. Karo na biyu na saki kuloci kamar na taka garwashi, ta sake mutuwa. A na uku ta tashi. Da na zo neman giya ta biyu, sai wata ƙara ta fito daga ƙarƙashinmu, har ragunan suka amsa. Mai fasa dutsen da na daɗe ina ba da labari, ga ta na haɗa da hannuna.

Ba mu yi nisa da gari ba na sauka daga kwalta don in kauce wa amalanke, na faɗa rairayi. Wanda ya san ƙasarmu ya san rairayinta ba ya wasa da baƙo. Na danne totur, ƙafar hagu na rawa a rabin kuloci, tayoyi na ta haƙa rami, ƙauri ya cika motar. Mai amalanken ya wuce mu da shanunsa, har da "sannunku da aiki".

Kawu ya toshe hanci da bakin rawani. "Ɗana, a Amurkan haka suke yi?"

Yaron motarsa, wanda gemu bai ko fara fito masa ba, ya leƙo ta taga. "Malam, ɗan matsa." Ya sa giya ta biyu, ya lallaɓa kuloci kamar mai rarrashin jariri, motar ta fito salin-alin. Bai san Indiyana ba, bai kuma tambaya ba. Ni da raguna muka raba baya, muka ratsa Gumel har Maigatari ina riƙe da hula.

Yanzu Malam Mansi, wato Muncie, ake ce mini a majalisa, kuma ina amsawa. Ban dai tuba ba. Shekaranjiya ma sai da na yi wa wani malamin makaranta faɗa don ya sayi otomatik. Tawa tana bayan gida, na rufe ta da tamfol.