Fenti da Dangwale a Aji Uku

Fenti da dangwale suna cikin abubuwan da manhajar firamare ta Najeriya ta ce a koya wa yara, a ƙarƙashin darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda ya zo tare da manhajar ilimin bai ɗaya ta shekara tara da aka fara aiki da ita a 2008. Manufar ita ce yaro ya san launuka, hannunsa ya faɗa, idonsa ya buɗe. Fenti shi ne a shafa launi a takarda da burushi ko da yatsa. Dangwale kuwa a shafa launin a jikin wani abu, ganye ko yankakken dankali, a danna a takarda, a ɗaga, siffar ta zauna. A littafi ke nan. Bayanin da ke tafe an tattaro shi ne daga wani aji uku mai yara sittin da 'yan kai, inda mai wannan rubutu ya taɓa riƙe alli.

Tushen launuka uku ne: ja, rawaya da shuɗi. Shuɗi da rawaya suna ba da kore, ja da rawaya ruwan lemo, ja da shuɗi shunayya. In an haɗa ukun gaba ɗaya sai a sami ruwan ƙasa, kuma kowane aji yakan gano wannan da kansa kafin malami ya gama kiran suna. Saboda haka kowane launi da gwangwaninsa da abin shafawarsa, kuma kada a ajiye gwangwani biyu inda hannu ɗaya zai kai.

Fentin kanti yana da tsada, 'yar kwalba guda ba ta wuce benci biyu, don haka malami yakan koma ga kayan gida. Gawayi da aka daka aka tankaɗe, aka dama da ƙaro, shi ne baƙi, kuma duk yaron da ya je makarantar allo ya riga malaminsa sanin haɗin. Bula ta wanki tana ba da shuɗi. Baba, wanda marinar Ƙofar Mata a Kano ke rini da shi, ba na aji ba ne, domin sai ya kwana da kwanaki yana ruɓa a rijiya da toka. Burushi ba matsala: aswaki da aka tauna bakinsa ya yi laushi yana aiki sosai, in dai an fahimtar da yara cewa daga yau ya bar aikinsa na da.

Ja mafi sauƙi zoɓo ne da aka jiƙa ya yi kauri. Yana da kyau a takarda, in kuma aka ɗiga masa ruwan kanwa sai ya juye ya koma kore-kore mai duhu, abin da kan sa aji ya kaure da kabbara. Illarsa ɗaya: zoɓo ne. A ajin da ake magana, malami ya juya baya yana rubuta sunayen launuka a allo, da ya waiwayo sai ya tarar gwangwanin ja babu komai, layin gaba kuma kowa leɓe ja wur. Da aka yi tambaya babu wanda ya sha. Wata yarinya ce kawai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba ka sa sukari ba." Haka abin yake da fentin yatsa, wanda ake yi da damammen sitaci ko kamu don launi ya yi kauri ya kama takarda. A idon ɗan shekara takwas da ya fito gida ba kari, wannan koko ne mai ado. Ƙa'idar da ta fito daga nan ita ce kada a yi darasin sai bayan an dawo daga tara, kuma kada a zuba a gwangwani abin da ba a yarda ya shiga ciki ba.

Rawaya kurkum ne, kuma yana da hali. In ya taɓa farin yadi ya kama, in sabulu ya same shi sai tabon ya rikiɗe ya koma ja, rana ce ke cinye shi a hankali. Uwar da ta tsoma farin hijabin 'yarta a ruwan omo ta ga ja yana yaɗuwa ba ta da labarin wannan ilimi. Washegari da sassafe tana ƙofar ofishin hedimasta, hijabi a hannu, tana tambaya wa ya fasa wa yarinya kai. An duba kan yarinya gaba da baya, lafiya lau.

A nan ya kamata a yi maganar lalle, domin wasu na ganin tun da launi ne, kuma ga shi da araha, zai yi dangwalen tafin hannu. Ba ya yi. A takarda ɗan tabo kore yake bari mara fasali, a fata kuwa yana kamawa ya yi mako ɗaya ko biyu, a farce sai farcen ya tsiro an yanke. Mai wannan rubutu ya jera yara maza da mata suka tsoma tafi a kwano, suka tsaya a layi suna jiran takarda hannu a sama, lallen yana aikinsa. 'Yan mata sun koma gida da murna. Kashegari wani dattijo ya zo riƙe da hannun ɗansa, ya buɗe tafin a kan tebur, ya ce cikin natsuwa, "Malam, ni dai namiji na kawo maka. In biki ake yi a gaya mana mu shirya." Yaron ya yi mako biyu yana buga ƙwallo hannu a aljihu.

Dangwalen ganye ne ya fi kawo zaman lafiya. A samo ganyen mangwaro ko na darbejiya, a shafa launi a bayansa inda jijiyoyin suka fito, a kifa a takarda, a rufe da wata takardar a murza. Sai dai a faɗi adadin ganyen da ake so, in ba haka ba bishiyar makaranta za ta wayi gari tsirara. Kuɓewa da aka yanka a tsakiya tana fitar da ɗan fure mai kyau, albasa tana fitar da zobba cikin zobba. Naɗin takarda ma haka: a ɗiga launi a gefe ɗaya, a ninke, a buɗe, ga malam-buɗe-littafi.

Hurawa da tsinken shan lemo wata dabara ce: a ɗiga launi mai ruwa, yaro ya hura, launin ya yi rassa. Matsalar ita ce duk tsawon rayuwarsa zuƙa yake yi da wannan tsinke. Maganin shi ne a huda ƙaramar ƙofa kusa da bakin tsinken, iska ta fita amma ruwa ba ya hawa. Ajin da ake magana ya sami wannan magani bayan yara huɗu sun koma gida da shuɗin harshe.

Hatimin dankali shi ne sarkin darasin. A raba dankalin turawa biyu, a goge ruwan, a zana siffa, a sassaƙe gefenta ya zama ita kaɗai ta tsaya. Wuƙa a hannun malami take zama, ba tattaunawa. Abin lura shi ne duk abin da aka sassaƙa a juye yake fita, kamar a madubi. Malamin ajin ya sassaƙa lamba 3 da kyau don kowa ya buga a kan takardarsa, ya danna ta farko a gaban kowa, ya ɗaga. Ukun ta juya baya ta zama huɗun Larabci, wadda duk ɗan islamiyya ya sani. Aji ya ɗauki sowa, an yi musu ƙarin aji ba jarrabawa.

Saura shanya. A lokacin hunturu takarda kan bushe nan da nan, amma iska na kwasa, ƙura na mannewa. A ɗaura igiya a cikin aji, sama sosai, a maƙale da abin shanya. A waje ba a shanya, musamman a makarantar da ba katanga, domin takardar da ta sha sitaci da zoɓo abinci ce. Ranar da aka shanya a waje, akuyar maƙwabta ta cinye aikin layi biyu, ta haɗa da hatimin, kuma wani yaro ya dage sai an ba shi maki goma bisa goma tun da nasa ta fara zaɓa.

Ranar da ta dace da wannan darasi ita ce Juma'a, bayan tara, domin akwai Asabar da Lahadi na wanki. Kowane yaro ya zo da tsohuwar rigar gida ya ɗora a kan yunifom, a ajiye bokitin ruwa biyu a bakin ƙofa, a kuma aika wa iyaye takarda tun Laraba. Malami ma kada ya sa farin yadi.