Ku Daina Taya Farantin Sola Murnar Bazara

Na san tun daga kan maganar wasunku sun taɓe baki. Ba komai, ku gyara zama, a ƙara wa fanka gudu in akwai wutar. Abin da na zo faɗa shi ne, farantin solar nan da kuka ɗora a saman gida ba ya ƙaunar zafi ko kaɗan. Ranar da kwalta ke laushi a titi, ranar da mai shayi ke gyangyaɗi don babu mai neman abu mai tururi, a ranar ne farantin ke ba ku ƙasa da abin da aka rubuta a jikinsa. Ku kuwa kuna tsakar gida, kuna ɗaga kai sama, kuna cewa, "Yau dai batir zai sha caji har ya ƙoshi."

Ga Alhaji can ya fara girgiza kai. "Malam, wannan kuma ilimin ina ne? Abin da aka ƙera don rana, a ce rana ta yi masa yawa?" Ranka ya daɗe, ban ce ta yi masa yawa ba. Haskenta yake so, in za a ninka masa ma zai karɓa. Zafin da ke taruwa a jikinsa ne yake karya masa gwiwa. Da yake a ƙasarmu tare suke zuwa, sai muka ɗauka tagwaye ne, muka ba zafi yabon da haske ya yi wa aiki.

Kada ku yarda da ni tukuna. A sa yaro ya hau da sassafe, kafin kwano ya ɗau zafi, ya ɗauko hoton takardar da ke manne a bayan farantin. Za ku ga an rubuta wat 300, ko 450, ko 550. A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙen da ba wanda ke karantawa, an faɗi sharaɗin da aka auna wannan adadi a kansa: hasken da ya kai wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, da zafi digiri 25 a ma'aunin Salshiyos. Digiri 25 ɗin nan ba na iskar gari ba ne, na jikin farantin ne da kansa. To ina Sakkwatawa masu taƙama da zafin garinsu? Ku faɗa mini ranar da farantinku ya taɓa zama a digiri 25 da azahar ɗin Afrilu. Mutanen Maiduguri da na Yamai, kada ku yi dariya, tambayar har da ku.

Ga yadda lissafin yake. Faranti baƙi ne ko shuɗi mai duhu, kuma daga hasken da ke sauka a kansa, kashi 20 zuwa 23 cikin 100 kaɗai irin na kasuwa yanzu ke mayarwa lantarki. Mafi yawan ragowar zafi yake komawa, ya zauna a jikinsa. Shi ya sa idan rana ta take, jikin faranti kan ɗara iskar gari da digiri 20 zuwa 30. Garin da ya wayi bazara da digiri 43, farantinsa na iya kai wa 70, musamman in an kwantar da shi a kan kwano. Kamfanonin da ke ƙera shi ba su ɓoye ba, a takardar bayaninsa sun rubuta cewa duk digiri ɗaya da ya hau saman 25, ƙarfinsa zai ragu da kashi 0.3 zuwa 0.45 cikin 100, gwargwadon irinsa. Mu ɗauki 0.35, wanda shi ne na galibin masu kyau. Daga 25 zuwa 70 digiri 45 ke nan. A ninka, an tasar ma kashi 16 cikin 100. Farantin wat 550 ya dawo 463. Mai faranti goma ya yi asarar abin da ya fi faranti ɗaya da rabi, alhali ba wanda ya hau gidansa da tsani cikin dare.

Zage-zagi, na san ku sai an maimaita. Ku sake karanta sakin layin nan a hankali, za mu jira ku.

Me ke kawo haka? Ƙwayoyin faranti da silikon aka yi su. Idan haske ya faɗa musu, sai ya zaburo ƙananan ƙwayoyin lantarki daga mazauninsu, ginin farantin kuma ya tura su hanya ɗaya zuwa waya. Ƙarfin wannan turi shi ne bolt ɗin da kuke gani a mita. Idan silikon ya yi zafi, cikinsa kan rikice, da yawa daga waɗanda haske ya zaburo su koma inda suka fito kafin su kai waya, sai bolt ya faɗi. Lebura ne mai azumi a la'asar ɗin bazara: yana nan a bakin aiki, shebur na hannunsa, amma ba kamarsa da hantsi ba. Tun 1954 da masana a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka suka fito da ƙwayar silikon ta farko mai amfani, wadda kashi 6 kacal take iya juyawa, an ninka ƙwazonta fiye da sau uku, an karya kuɗinta har ta iso ƙauyukanmu, amma har yau ba a samu wanda ya koya mata son zafi ba. Iyakar abin da aka yi shi ne rage mata raki. Sababbin da ake kira TOPCon da HJT asararsu ta sauko kusan 0.3 zuwa 0.25.

Don kada ku tashi hannu rabbana, ga 'yar alewa. Gaskiya ne amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, tana ƙaruwa kaɗan da zafi, kimanin kashi 0.05 cikin 100 a kowane digiri. Mai gyaran unguwarku da ya ɗora mita ya nuna muku amfiya ta hau da tsakar rana bai yi ƙarya ba. Sai dai wat, abin da ke juya fanka, bolt ne ake ninkawa da amfiya, kuma abin da bolt ya zubar ya ninka abin da amfiya ta tsinta sau da yawa. Ga alewa ta biyu: akwai solar da zafi take so da gaske. A Warzazat ta ƙasar Maroko, tashar Noor na amfani da dubban madubai tana tara rana wuri guda, a dafa ruwa ya zama tururi ya juya inji, a kuma adana zafin cikin narkakken gishiri don dare. Tankin ɗumama ruwan wanka da wasu otal ke ɗorawa a sama ma haka yake. In irin wannan ne a saman gidanka, Alhaji, na janye maganata, na ba ka haƙuri. Amma ni da kai mun san ba shi ba ne.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, ya yi mini bayanin Jamus. Ƙasar da mutanenta ke fita shan hantsi da murna in sun ga rana, tun ƙarshen 2023 farantanta suka haura megawat 80,000, alhali babban layin lantarkin Najeriya duka yana lilo tsakanin 4,000 da 5,000. Da zafi ne ke ba da wuta, da sun yi asarar kuɗinsu. Har a yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya, tashar bincike ta ƙasar Beljiyam tana aiki da sola da iska. Wurin da masana ke sha'awa kuwa shi ne hamadar Atakama a ƙasar Chile: tudu ne mai tsawo, sama garau, haske mai ƙarfi, iska mai sanyi. Hasken da ke sauka a arewacin Najeriya da kudancin Nijar a shekara ya kusa ninka na Jamus, amma wutar da faranti iri ɗaya ke bayarwa a nan ba ta ninka tasu ba. Zafi da ƙura ne ke cinye wani ɓangare na ratar.

"To in haka ne," in ji Hajiya daga cikin gida, "me ya sa da hunturu, ga sanyi har ana jin ɗumi, batirina ba ya cika?" Madalla, Hajiya, ke ce kika yi tambayar masu hankali, mazan duk musu suke yi. Sanyin hunturu alheri ne ga faranti, amma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Iskar tana ɗauko ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa hazo tsakaninmu da rana, har mutum ya iya kallonta ido da ido da hantsi. Abin da bai tsaya a sama ba ya sauka a kan gilashin. Ga shi yini ya gajarta, a Kano na Disamba ya gaza na Yuni da kusan awa ɗaya da rabi. Ga rana ta karkata kudu, wanda ya kwantar da farantinsa a miƙe ko ya fuskantar da shi arewa sai ya gani a batir. Laifin hazo ne da ƙura, kada a ɗora wa sanyi. A ranar hunturun da sama ta washe, aka kuma goge gilashi, ki duba allon inbata ki sha mamaki.

Damina kuma nata salon daban. Hadari da lumshin Agusta suna rage haske sosai, wani lokaci kwana biyu a jere. Amma idan aka sheƙa ruwa da safe, ya wanke faranti, ya sanyaya shi, sannan gajimare ya yaye da hantsi, a wannan ɗan lokacin ne mai sola zai ga adadin da bai taɓa gani ba a tsakiyar bazara. Gani ya kori ji. Ku gwada da kanku, amma a lokacin da batir bai cika ba, don in ya cika kontrola na rage abin da take ja, sai ku zo kuna cewa na yi muku ƙarya.

Yanzu na san mai janareta ya fara washe baki, yana cewa, "Dama na faɗa muku sola yaudara ce." Zauna, ɗan'uwa, ba da kai ake ba, kai dai ka ci gaba da lissafin lita tun daga cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Ko bayan zafi ya yagi rabonsa, abin da ya rage mana ya fi na yawancin duniya. Jami'ar Bayero ta buɗe tasharta ta sola a 2019. Ta Kumbotso mai megawat 10 an ƙaddamar da ita a 2023. A Nijar akwai ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, da ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30, wadda ta zo daidai lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023. Injiniyoyin da suka tsara waɗannan sun san da zafin, sun sa shi a lissafi tun a takarda. Ku duba hotunansu, farantan a kan ƙafafun ƙarfe suke, iska na ratsawa ta ƙasa. Mai gida ne ke sayen wat 550 ya zauna yana jiran wat 550.

Kuma a bazara abin ke haɗe masa ta ko'ina. Faranti ya rage, fankoki ba sa hutawa, firji na gurnani dare da rana, mai sana'ar ƙanƙara ya cika firiza da ruwan da ya fito daga tanki da ɗumi. Batir kuma an kai shi sito, ƙarƙashin kwano, inda ko taga babu. Batirin tubula da danginsa masu ruwa, duk ƙarin digiri 10 a saman 25 kan rage kusan rabin rayuwarsu. Na litiyam ma zafi na tsufar da shi. Inbata da kanta in ta ji wuya takan rage aiki ko ta ɗauke don ta tsira. Sai a wayi gari Alhaji ya sa babbar riga, ya tafi kasuwa zagin mai shago ya sayar masa da jabu. Jabu akwai shi a kasuwa, ban wanke kowa ba, akwai farantin da lambar jikinsa ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Amma sau da yawa kayan lafiya lau suke, gasa su aka yi.

Sai mu zo kan masu ɗorawa, don rabin laifin nasu ne. Mutum ya manna faranti a jikin kwano, ya ɗaure da waya, ya karɓi kuɗinsa ya sauka. Kwano na gasa shi ta ƙasa, rana ta sama. A ɗaga shi ko da taƙi guda, santimita 10 zuwa 15, iska ta samu hanya. A karkata shi kudu da digiri 10 zuwa 15, ruwan sama ya riƙa gangarewa da ƙura. Su kuma tuna da ɗaya fuskar: da asubar ɗari, musamman a Jos da Mambila, bolt hawa yake yi, wanda ya jera faranti har bakin abin da kontrola ke ɗauka zai iya ƙona ta da sanyin safiya. Ku kuma masu dabara, na hango ku da bokiti. Kada wanda ya watsa ruwan randa a kan gilashin da ya kai digiri 70 wai zai sanyaya shi, yana iya tsagewa, kuma ba garantin da zai biya ku. Wanki da asuba ake yi ko bayan la'asar sakaliya, da tsumma mai laushi.

Wanda zai saya gobe ya ƙara kashi 20 a kan lissafinsa saboda bazara, ya kuma ce wa mai shago ya nuna masa adadin asarar zafi a takardar farantin. In mai shagon ya tsaya yana sosa ƙeya, a matsa shago na gaba. Wanda kuma har yanzu yake kan bakansa, ya rubuta abin da allon inbatarsa ya nuna da azahar ɗin Afrilu, ya ajiye takardar, ya sake dubawa da hantsin Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, sannan ya zo mu yi magana. Zage-zagi, ku an yafe muku rubutun, ku ɗauki hoto kawai.