Maƙeran Amurka da Gasar Talabijin: Kowa da Irin Tsakinsa

A watan Yunin 2015 tashar History ta Amurka ta fara nuna wani shiri mai suna Forged in Fire. Ana tara maƙera 4 a wani makeken ɗaki mai murhunan gas da injinan dukan ƙarfe, a dire musu abin aiki a gabansu, wani lokaci sandar ƙarfe mai kyau, wani lokaci igiyar ƙarfe ko sifirin tsohuwar mota (wanda maƙeranmu na Kano da Damagaram ma sun daɗe da sanin kyansa), a ce su fitar da ruwan wuƙa cikin awa 3. Alƙalai su duba, su sallami mutum ɗaya. Ukun da suka rage su sa mariƙi, su wasa, a gwada wuƙaƙen, a sake sallamar ɗaya. Biyun ƙarshe a tura su gida su ƙero wani makamin tarihi cikin kwana 4 ko 5, kamar katana ta Japanawa, kukri na mutanen Nepal, iklwa na Zulu ko akrafena ta Asante. Wanda nasa ya tsira daga gwaji ya tafi da dala 10,000.

Masu kallo sun karɓi shirin hannu bibbiyu. An yi fitowa fiye da 200, har ya haifi wani shirin mai suna Knife or Death a 2018. Su kuwa masu sana'ar, waɗanda da wuƙa suke ci suke sha, sun rabu gida-gida. Wanda ya zaga Blade Show, babban baje kolin wuƙaƙe da ake yi duk shekara a Atlanta, ya riƙa ambatar sunan shirin a kowane tebur, zai ji ra'ayi kala-kala. Idan ya bi diddigi kuma, zai tarar yawancinsu daga aljihu suka taso, sauran daga girman kai.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne dattijon sana'a, mai farin gemu da hannu duk tabon ƙuna. Ɗan ƙungiyar American Bladesmith Society ne, wadda Bill Moran na jihar Maryland da abokansa suka kafa a 1976, kuma ba a banza yake hura hanci ba. Kafin ƙungiyar ta yarda da maƙeri, sai ya kawo wuƙar da ya ƙera da hannunsa an yi mata jarrabawa a gaban wani gwani. A rataye igiya mai kaurin inci 1, ya tsinke ta da sara ɗaya. Ya sare katakon gini gida biyu, ya sake sare shi. Da wannan wuƙar dai, ba tare da ta ga dutsen wasa ba, ya aske gashin hannunsa. Daga ƙarshe a matse tsininta, ya lanƙwasa ta har digiri 90, kuma kada ta karye. Mai neman babban matsayi zai sake wannan duka da wuƙar ƙarfen Dimashƙa mai hawa aƙalla 300, wato wadda aka jera ƙarafa iri biyu aka haɗe su da wuta da duka, aka yi ta ninkawa har zane mai kama da igiyar ruwa ya fito a jikinta. Daga shiga ƙungiya zuwa wannan matsayi ba a yin ƙasa da shekara 4.

To, mutumin da ya bi wannan hanya ne aka zaunar a gaban allo, aka rataya wa sana'arsa agogo. Kallonsa yana kallon shirin ya fi shirin daɗi. Ɗan takara ya zaro ƙarfe daga wuta ya yi ja har ya koma ruwan ɗorawa, ya nufi tankin mai, dattijo ya miƙe tsaye yana daka masa tsawa: "Ya yi zafi da yawa! Dakata, yaro!" Yaro bai ji ba, ya tsoma, harshen wuta ya tashi sama da kansa. 'Yan kallo na murna, dattijo ya dafe kai. A wurinsa awa 3 ko zaɓen katakon mariƙi ba ta isa ba. Abin da kawai ke rage masa kaifin baki shi ne J. Neilson, ɗaya daga cikin alƙalan, yana riƙe da irin matsayin da yake taƙama da shi, haka ma Jason Knight da ya taɓa zama a kujerar. Kuma duk da ya rantse shirin shirme ne, babu fitowar da ta wuce shi. Jikoki ne ke kunnawa, in ji shi.

Kusa da teburinsa akwai mai gurza, wanda nasa ciwon daban ne. Shi ba ya dukan ƙarfe. Falle yake saya daga kamfani, ya zana siffar wuƙa, ya yanke, ya tsaya gaban injin gurza mai bel ɗin samfefa har ta fito sumul. Tsohuwar hanya ce mai daraja. Wuƙaƙen farauta da suka yi wa Bob Loveless na California suna, wanda ya rasu a 2010, ta haka aka yi su, kuma masu tara wuƙa na biyan dubban daloli a kansu. Amma tun da shirin ya shiga gidaje, mai saye zai ɗauki wuƙarsa, ya juya ta, ya yaba, sannan ya jefo tambayar da ke hana shi barci: "Ƙera ta ka yi, ko yankowa kawai ka yi?" Da ya ji gaskiya sai ya ajiye a hankali ya yi gaba. Shi ya sa mai gurza ya zama ɗan ƙididdiga. Ya lura 'yan takarar nan, bayan sun gama bugun da kyamara ke so, gaban injin gurza suke komawa su ƙarasa lokacinsu, kuma duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya ji wannan bayani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Sai malam "da ni ne". Ya san kuskuren kowa tun kafin a yi shi, kuma da shi aka kira, da rabin lokacin ya ishe shi har ya sha shayi. Bai taɓa neman shiga ba. Aiki ya yi masa yawa.

Waɗanda suka shiga ɗin iri biyu ne. Wanda ya ci, ba sai an tambaye shi ba: yana rubuce a hularsa, a katinsa, a ƙofar motarsa da saman shafinsa na Instagram. Farashin wuƙarsa ya tashi, masu oda sun yi layi, kuma a ganinsa ba a taɓa yin shiri mai adalci irin wannan ba. Wanda aka kora a zagayen farko kuwa ya dawo gida da labari. Ɗakin zafi ne da shi na fitar hankali, ga murhu huɗu ga fitilun ɗaukar hoto. Mai kyamara ya tsaya masa a hanya. Bai saba da injin ba. Wuƙar tasa ta fi ta kowa kyau, ɗan guntun inci ne kawai ta gaza a tsawon da aka ƙayyade, kuma da gaske ne ana korar mutum a kan wannan. Duk lokacin da ya sake ba da labarin, agogon sai ya ƙara gudu, guntun incin kuma ya ƙara ƙanƙancewa. Ya haddace fuskar mai gabatarwa a lokacin da ya ce masa ya miƙa wuƙarsa ya fita, ko Wil Willis ne ko Grady Powell da ya gaje shi a 2020. Sai dai shi ne ke faɗin abin da ya fi komai kyau a shirin, kuma allo na tabbatar da shi: 'yan takara na taimakon juna, wani ya nuna wa abokin hamayyarsa yadda zai ceto ƙarfen da ya fara rabuwa, wanda aka kora kuma ya bi su da musafaha. A gasar talabijin ta Amurka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya fi kowa yawa shi ne sabon shiga. Ya kalli fitowa uku a jere ranar Asabar, ranar Litinin ya fitar da motar iyali daga gareji ya kafa murhu. Shi da ire-irensa ne tsofaffin maƙera ke zargi da tsadar uwar maƙera, domin wadda a da take kwance tana tsatsa a rumbun wani manomi yanzu ta zama kayan gwanjo da ake rububi. Wuƙarsa ta farko daga ƙusar dogo ya buga ta. Tana da kyau a hoto, amma ƙarfen ba shi da isasshen kabon, ba ta riƙe kaifi. Ta biyu ta lanƙwashe a cikin mai. Ta uku ya sa mata farashi. Kafin ƙarshen wata ya raɗa wa garejin suna, ya buga riguna, matarsa kuma ta gano inda obin ɗin girkinta ya samo warin man inji.

Abin dariya ne har ranar da ya daina zama abin dariya. A ƙarshen Nuwamban 2017, a garin Cohoes na jihar New York, wani mutum ya hura wuta a cikin duro a bayan gida yana kwaikwayon abin da ya gani a shirin. Ranar ana iska mai ƙarfi. Gine-gine 3 suka ƙone ƙurmus, wasu fiye da 20 suka lalace a tsakiyar garin. Dattijon sana'a ya samu hujjar da har gobe bai ajiye ba.

Akwai wanda ba ya shiga wannan musu, murmushi kawai yake yi. Shi ne mai koyar da ƙira a ƙarshen mako, da ɗan'uwansa mai sayar da ƙarfe da bel ɗin gurza. An buɗe makarantar ƙungiyar maƙera a ƙauyen Washington na jihar Arkansas tun a 1988, amma shirin ne ya sa likita da akawu da direban babbar mota suka fara neman inda za su biya kuɗi a ba su masaba. Kakarsa ta yanke saƙa. Idan dattijo ya fara zagin shirin sai ya gyaɗa kai don ladabi, ya koma ya duba jerin ɗaliban wata mai zuwa.

Masanin ƙarfe kuwa da na'urar tsayar da hoto a hannu yake kallo. Ba ya yarda da ido, bare a ɗakin da fitilu suka haske ko'ina har launin ƙarfe ke yaudarar mutum. Zai gaya wa wanda ke kusa cewa mayen ƙarfe na daina kama ƙarfe a wajen digiri 770, kuma yawancin ƙarafan wuƙa na buƙatar ɗan ɗori a kan haka kafin a tsoma su. Nasa tanderun na lantarki ne mai lambobi. Gwarzonsa ba ya cikin alƙalai: Larrin Thomas ne, masanin da ya haɗa ƙarfen wuƙa mai suna MagnaCut a 2021. Babban ƙorafinsa shi ne shirin na tsallake matakin da ya fi muhimmanci. Wuƙar da aka tsoma a mai ta yi tauri, har magagari na zamewa a kanta, amma tana iya tsagewa ko faɗuwa ƙasa ta yi. Dole a mayar da ita tanderu a wajen digiri 200 ta yi kamar awa 2, sau da yawa har karo biyu, kafin ta iya ɗaukar wahala. Ana yi wa wuƙaƙen gasar wannan, amma a bayan fage, domin ba wanda zai zauna kallon rufaffiyar ƙofar tanderu. Gaskiya ce da shi. Matsalarsa ɗaya, kafin ya kai ƙarshen bayani kowa ya tashi.

Na ƙarshe, kuma wanda kukansa ya fi cancanta a saurara, shi ne mai ƙera wuƙar girki. Shi gwajin ne ke tayar masa da hankali. Neilson ya ɗauki wuƙa ya yi ta maka ta a kan ƙanƙara ko ƙahon barewa ko ƙashi. Doug Marcaida, gwanin faɗan wuƙa ɗan asalin Filifin, ya sassara gawar alade ko mutum-mutumin roba mai jinin ƙarya, ya juyo da murmushi ya ce makamin zai yi kisa. Don wuƙa ta tsira daga wannan sai an bar bakinta da kauri. Ita kuwa wuƙar girki ta gari siririya ce, a taɓa tumatir ya rabe, kuma duk gwanintar tana wajen sirantar da bakin ba tare da ya yi rauni ba. Gwada ta da ƙanƙara daidai yake da gwada askar wanzami da faskare. Wuƙar da Bob Kramer ya ƙera wa marigayi Anthony Bourdain, mai ɗauke da ƙarfen dutsen da ya faɗo daga sama, an sayar da ita dala 231,250 a 2019, kuma da an kai ta wannan gwaji da wuya bakinta ya fita lafiya.

Shi ya sa ya fi tsoron mai sayen da ya kalli shirin a kan wanda bai taɓa gani ba. Mutum ya biya kuɗi mai yawa, ya je gida ya sari daskararriyar kaza da ita, ya dawo da wuƙa mai giɓi yana neman a mayar masa da kuɗinsa, wai a talabijin ya ga an yi abin da ya fi haka. Mai karatu da ya ci karo da shirin a tauraron ɗan'adam ko a YouTube ya kalla ya more, akwai abin koyo a ciki. Amma ranar layya ya nemi adda ko gatari don ƙashi, ya bar wuƙar fiɗa ta yi aikinta.