Takardar Koke Zuwa Ga Rimot, Sarkin Ƙofar Mota

Zuwa ga Mai Girma Rimot, Sarkin Ƙofar Mota, mazaunin aljihu da jakar hannu.

Bayan gaisuwar ban girma da addu'ar ransa ya daɗe, batirinsa kuma ya yi ƙarko, masu motoci da direbobinsu suna gabatar da wannan koke, ba don raina hidimarsa ba, sai don a fahimci juna. Sanannen abu ne cewa an naɗa shi wannan sarauta a shekarar 1982, lokacin da kamfanin Renault na Faransa ya fitar da mota ƙirar Fuego wadda ake buɗe ƙofofinta daga nesa, kuma tun daga nan yake ta ƙwace ayyukan tsohon mabuɗin ƙarfe, har ta kai a yau direba kan tayar da inji alhali Mai Girma yana kwance cikin aljihu.

Koke na farko shi ne Mai Girma ba ya magana da talakawansa sai da zane. A fuskarsa akwai kwaɗo biyu, ba irin na fadama ba, irin na ƙofar shago: rufaffen yana kulle mota, buɗaɗɗen yana buɗe ta, amma bambancin da ke tsakaninsu bai wuce ƙwayar gero ba, kuma da zarar babban yatsa ya yi shekaru yana gogarsu sai su zama tagwaye. Haka nan bai taɓa sanar da kowa cewa a motoci da yawa danna buɗaɗɗen kwaɗo sau ɗaya ƙofar direba kaɗai yake buɗewa, sai an danna sau biyu sauran su biyo baya. An yi hakan ne don kada ɓarawo ya faɗo ta wata ƙofar, sai dai wanda ya fi shan wahalarsa shi ne iyalin da ke tsaye cikin rana suna jijjiga hannun ƙofa.

Na biyu ya shafi hoton mota mai ɗagaggen but, wato ma'ajiyar kaya ta baya, wanda ba ya amsa taɓawa ɗaya sai an danne shi na ɗan lokaci ko an danna sau biyu, abin da alamar 2x take nufi ke nan. Kusa da shi wani lokaci akwai kibiya mai zagaye da ke tayar da inji daga nesa, galibi bayan an fara kulle mota, dabarar da mutanen ƙasashen sanyi ke ɗumama mota da ita, mutanen ƙasar zafi kuma suka mayar da ita hanyar sanyaya kujeru kafin a shiga.

Na uku, wanda ya fi kowanne ban takaici, shi ne jan madannin nan mai hoton ƙaho, wanda aka tanada don neman agaji, domin yana sa hon ya yi ta kururuwa fitilu kuma su yi ta walƙiya. An fi samunsa a motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka, waɗanda kan iso ta Legas ko Kwatano a matsayin tokumbo, littafin bayaninsu kuwa ya daɗe da ɓata a hanya. Saboda haka mai mota yakan san da zamansa ne ranar da ya durƙusa a sahun sallah aljihu ya matse shi, unguwa ta ruɗe, alhali sake danna shi kawai zai kashe ƙarar.

Na huɗu shi ne ɓoye sirri. A cikin cikin Mai Girma akwai ɗan mabuɗin ƙarfe da ake zarowa a buɗe ƙofar direba idan batir ya mutu, kuma a motoci masu madannin tayar da inji, kara rimot ɗin a jikin madannin ko ajiye shi a gurbin da aka tanada yakan isa mota ta tashi. Batirin kansa, wanda sau da yawa CR2032 ne mai ƙarfin bolt 3, faɗin milimita 20 da kaurin milimita 3.2, bai kai kuɗin kiran mai rewaya ba.

Adalci ya wajabta a yaba wa Mai Girma a kan abu ɗaya, wato lambar sirri mai sauyawa, domin duk saƙon rediyon da ya aika wa mota, a kan megahaz 315 a Amurka ko 433.92 a Turai, yana ɗauke da sabuwar lamba, ta yadda wanda ya naɗi tsohuwa ba zai ci moriyarta cikin sauƙi ba.

Tun da Mai Girma ba shi da bakin amsa koke, shawara ta koma kan masu motoci: kowa ya fito da motarsa fili da rana tsaka, ya gwada madannan ɗaya bayan ɗaya, ya zaro ɓoyayyen mabuɗin ya ga inda yake shiga, tun kafin dare ya same shi a bakin hanya. Rigakafi ya fi magani.

Daga masu biyayya,
Masu motoci da direbobinsu.