Mas'alar Ƙahon Keke da Rigar Ruwa

Ma'abota gasar nan mai rukuni uku, wato iyo da tseren keke da gudu, wadda ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000, sun daɗe suna jayayya a kan mas'aloli biyu kamar malaman fiƙihu: wane irin ƙaho za a ɗaura wa kan keke domin mahayi ya kifa damatsa a kansa ya tsaga iska, kuma wace rigar roba ta dace da shiga ruwa. Hujjarsu a kan ƙahon ita ce Greg LeMond, wanda da shi ya lashe tseren keken Faransa na 1989 da tazarar daƙiƙa 8 kacal.

To, mutumin Kusada da ya ɗaure buhun gero a bayan kekensa Raleigh ya nufi kasuwar Kankiya, ai dama a sunkuye yake tuƙi ba tare da ya biya ko kwabo ba. Amma idan ya kifa irin tasu, alhali hannunsa ya yi nesa da birki, akuya ce za ta yanke masa hukunci a tsakiyar titi. Rigar kuwa, dokar gasar ta haramta ta idan ruwa ya yi ɗumi, kuma kafin hunturu ya halatta ta, kududdufin bayan gari bai wuce gwiwa ba.